Gwanin da ya koma ɗalibi

A shekara ta 1628, wani mai zane da ake kira Rubens ya sauka Madrid, babban birnin ƙasar Sipaniya. Daga garin Ambers ya fito, wanda yake cikin ƙasar Beljik ta yau. Aikin sulhu tsakanin Sipaniya da Ingila ne ya kawo shi fadar sarki Filip na 4. Shekarunsa 51. Sunansa ya riga ya gama Turai, kuma yana da almajirai masu yawa.

A bangon fadar akwai zane-zanen Tisiyen, wani gwani na Italiya da ya rasu a 1576, shekara guda kafin haihuwar Rubens. Ba su taɓa ganin juna ba. Amma Rubens ya kafa ƙyallensa, ya ɗauki burushi, ya shiga kwaikwayon waɗannan zane-zane ɗaya bayan ɗaya, kamar sabon yaron da aka kai koyon sana'a.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Fentin mai, garin launi ne da ake niƙawa da man ƴaƴan wani tsiro. Ba ya bushewa da wuri. Mai zanen fuska yakan fara da shata kamannin kai, da wurin idanu, da hanci, da baki. Sannan ya raba haske da inuwa. Daga baya yake ɗora launi kaɗan-kaɗan, shafi bisa shafi. Fatar mutum ba launi guda ba ce: kumatu da goshi da ƙarƙashin haɓa, kowane da nasa. Wanda ya tsaya kallo kawai ba ya gane wannan. Sai wanda ya gwada da hannunsa, ya kuskure, ya goge, ya sake.

Rubens bai ji kunyar a gan shi yana kwaikwayo ba. Kuma bai ce aikin Tisiyen nasa ne ba. A gaban kowane zane yana neman amsa ne: ta ina gwanin ya fara? Don me ya sa duhu a nan? Inda ya ga wata dabara tasa, yakan gwada ta. A wani zanen ma ya ƙara jan aku wanda babu shi a na asali. Duka biyun suna gidan adana zane-zane na Prado, a Madrid.

Wahalarsa ta amfani na baya. Tisiyen ya taɓa zana sarki Sharl na 5 tare da matarsa Izabela. Wannan zane ya ɓace, amma kwafin Rubens yana nan, da shi ake sanin kamanninsa.

A 1629 Rubens ya bar Madrid. Masana sun lura cewa bayan wannan tafiya hannunsa ya ƙara sakewa, launukansa suka ƙara taushi.

A cikin aji, wani yaro yakan leƙa littafin maƙwabcinsa ya kwashe amsa. Wannan bai ƙaru da kome ba. Wani kuwa yakan dubi rubutun malam a allo, ya lura da inda alli ya tashi da inda ya tsaya, ya gwada sau goma. Wannan hanyar Rubens ya bi.

Tambayoyi
1. Me ya kai Rubens Madrid?
2. Da me ake yin fentin mai?
3. Mene ne bambancin yaran nan biyu?