Jajibirin Jarrabawar Auta

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin banki, kuma mafi yawansu a teburin rancen noma suka ƙare. Na kama aiki ne ba da daɗewa ba bayan gwamnati ta kafa asusun lamunin bashin noma a 1977, lokacin da aka matsa wa bankuna su buɗe rassa a karkara. Abin da aka koya mana shi ne mu duba mutum, mu duba gonarsa, mu duba jinginarsa da wanda ya tsaya masa. Babu wanda ya ce mu ɗaga kai mu duba sama. Sai ga farin 1984. Ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Manoman da ba su taɓa cin kwabon kowa ba suka gaza biya, kuma duka a lokaci guda. Shanun da muke ganin su ne madogararmu suka rame, kowa ya kai nasa kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Na zauna gaban dattawan da suka girme ni suna sunkuyar da kai don kunya, alhali ba su da laifin komai. Har yau abin yana damuna.

Shi ya sa da autata ta dawo gida hutun mako guda da wani littafi mai kauri, ta ce jarrabawa za ta zauna a kan haɗarin sauyin yanayi ga dukiya, na jawo kujera kusa da ita. Ma'aikaciyar banki ce ita ma. Takardar shaidar da take nema ana kiranta SCR, ta ƙungiyar GARP ce mai hedikwata a Amurka, kuma a 2020 aka fara ba da ita. Tambayoyi ne a kwamfuta, mutum ya zaɓi amsa daga cikin waɗanda aka jera masa, ana kuma zamanta a watan Afrilu da Oktoba.

Ta ce mini haɗarin iri biyu ne. "Na farkon, Baba, ai ka fi ni saninsa." Gaskiyarta. Shi ne wanda ke taɓa dukiya kai tsaye: fari, zafin da ya wuce kima, ambaliya irin ta 2022, ko ɓallewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a watan Satumban 2024. Na biyun ne ya sa na yi shiru. Shi ne haɗarin da ke zuwa idan duniya ta fara juya wa kwal da man fetur baya. A yarjejeniyar Faris ta 2015 ƙasashe sun amince su riƙe ƙarin ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2, su kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5, daga baya Nijeriya ma ta ɗauki alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa zuwa 2060. Wanda ya zuba kuɗinsa a rijiyar mai yana lissafin ribar shekara talatin yana iya wayar gari da kwantai a hannu. Ga ƙasar da mafi yawan kuɗin wajenta daga ɗanyen mai suke, wannan magana ce ta tukunyar gidan kowa.

Na ga ta san karatunta. Ta jero mini ginshiƙai huɗu na tsarin TCFD na yadda kamfanoni za su bayyana haɗarin sauyin yanayi, da aka fitar a 2017, wato shugabanci, dabara, kula da haɗari, da ma'auni tare da abin da ake son cimmawa, kamar mai karanta sunayen 'yan uwanta. Ta bambance mini hayaƙin da kamfani ke fitarwa da kansa, da na wutar lantarkin da yake saye, da na masu kawo masa kaya da masu amfani da kayansa. Amma saura kwana uku a yi jarrabawar na fito ƙarfe ɗaya na dare na tarar da ita ta buɗe babi tun daga farko, ido ya yi ja. Na ce ta rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan na ba ta labarin da ban cika so in tuna ba. Ina ɗan shekara ashirin da shida na shirya wa wata jarrabawar ma'aikatan banki wata shida cur, da fitilar ƙwai. Don in rage kuɗin masauki sai na kwana gidan ɗan uwana a wani gari, da nufin in yi sammako in shiga garin da za a yi jarrabawar. Da dare aka maka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwalbati ya karye a hanya, motoci suka yi jerin gwano, muka yi zagaye ta daji. Ko da na isa an rufe ƙofa. Mai tsaron jarrabawar bai ɗaga mini murya ba, kuma bai buɗe ba, don doka ce a hannunsa. Na rasa kuɗin rajista, na rasa zangon nan gaba ɗaya. Littafi na karanta shi tas, hanya ce ban karanta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga hadarin tun la'asar.

Ta ce, "To Baba, ai komai muƙaddari ne." Na ce haka ne, 'yar nan, kuma manomin da ya yi binne kafin ruwan fari ya fi ni da ke yarda da ƙaddara. Duk da haka yana rage iri a rumbu, don ya san ruwan farko yakan yaudari mutum. Ke da za ki je a gwada ki a kan hango haɗari, ranar jarrabawar ita ce gwajin farko, tun kafin ki zauna gaban kwamfuta.

Washegari muka ajiye littafi muka ɗauko takardu. Na sa ta ɗora fasfonta kusa da takardar rajista, muka bi harafi bayan harafi. Mu nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ɗaya sai ka gan shi Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, ko sunan mahaifi ya rigayi nasa a ɗaya ya biyo baya a ɗayar. Ma'aikacin da ke bakin ƙofa ba ya tambayar asalinka, abin da ke rubuce yake gani. Muka duba ranar ƙarewar fasfon. Ta sake karanta ƙa'idojin wurin, abin da ake shiga da shi da wanda ake barin sa a waje.

Sannan ta zauna gwajin jarrabawa cikakke sau ɗaya, da agogo a gabanta, ba waya, ba tashi. Na ce ta raba mintunan da aka ba ta bisa yawan tambayoyin, ta san rabon kowace tambaya, wadda ta cije ta sa mata alama ta wuce, ta dawo mata daga baya. Na ga ma'aikata masu kaifin ƙwaƙwalwa sun faɗi saboda sun tsaya kokawa da tambaya guda kamar mutuncinsu ne a cikinta. Inda tambaya ta zo da dogon labarin wani kamfani, na ce ta fara gano abin da ake nema kafin ta nutse cikin bayanin.

Ana gobe jarrabawa ta koma garin da za ta zauna, ta je har ƙofar wurin ta gani da idonta, ta auna tsawon hanya a lokacin cunkoso. Mahaifiyarta ta hana ta cin abincin da cikinta bai saba da shi ba. Bayan isha'i ta kira ni, na yi mata addu'a, na ce ta kashe waya ta kwanta.

Ku 'ya'yana masu shirin zama a zango mai zuwa, ƙasar nan tana buƙatarku a bankuna da kamfanonin inshora, don kada a sake ba manomi bashi ba tare da an yi lissafin fari da ambaliya a ciki ba. Ku ɗauko fasfonku yau ku gwada sunan da na rajista, kuma ku kwana a garin da za ku zauna jarrabawar.