Idan ka je Senegal, ka leƙa inda ciyawa ke ɗaure yashi

Mai karatu, idan Allah Ya nufe ka da zuwa Senegal, ko don Maulidin Kaulaha ko don fatauci, ka ware yini guda ka leƙa gaɓar tekun da ta miƙe daga Dakar zuwa Saint-Louis, tsawon kusan kilomita 180. Daga Dakar ka bi ta Thiès, ka wuce Tivaouane, in ka kai Kébémer sai ka karya yamma zuwa Lompoul, ƙauyen masunta. A can za ka ga yadda tsiron da ba ka ɗauke shi bakin komai ba yake tsare abincin miliyoyin mutane.

Fara daga bakin ruwa. Teku tana amayo yashi fari fat, rana ta busar da shi, iskar arewa mai kaɗawa daga Nuwamba zuwa Mayu ta kwashe shi ta yi cikin ƙasa da shi. Yanzu dubi ƙarƙashin ƙafarka. Akwai wani tsiro mai yaɗo, ɗan'uwan duman kada, ganyensa a tsage kamar kofaton akuya, ga kuma gajerun ciyayi masu jure gishiri. Da iska ta ci karo da su sai ƙarfinta ya karye, ta zubar da yashin a gindinsu. Yashi ya binne tsiro, tsiro ya sake tohowa ta sama, ya saki sababbin saiwoyi a kowace gaɓa. A haka, shekara da shekaru, ɗan tsibi ke zama tudu, saiwoyi sun ɗinke shi ta ciki kamar saƙar tabarma.

In ka ba teku baya ka ci gaba da tafiya, launin ƙasa zai riƙa sauyawa. Farin yashi shi ne mai yawo. Bayansa akwai mai ruwan ɗorawa, wanda tsirrai suka fara kamawa. Can ciki kuma jajayen tuddai ne, tsofaffi, da suka daɗe da zama wuri ɗaya. A tsakanin tuddan nan akwai kwari-kwari da ake kira Niayes, inda ruwa yake kusa, rijiya ba ta zurfi. Nan ne lambunan albasa, karas, kabeji, tumatir da dankalin turawa. Mafi yawan kayan miyan da ake ci a Dakar daga nan suke fitowa, garin Potou kuwa ya yi suna da kasuwar albasa.

Da kiwo da saran itace da fari suka cinye ciyayin tuddan, sai farin yashi ya tashi ya fara binne lambuna. A 1948 aka soma dasa wani itace da suke kira filawo, mai siraran rassa kamar zare, ɗan asalin yankin Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya. Bayan farin shekarun 1970 aka faɗaɗa aikin, har ya zama ɗamara mai faɗin kimanin mita 200 da ta bi gaɓar. Kafin dashe sai an kafa shingen rassan sabara, wannan dai sabarar da muka sani, domin ta tare iska har dashen ya kama. Filawo ba ya tsoron gishiri, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa taki, abin da yake kaɗarwa kuma yana rufe yashi kamar bargo.

Sai dai yau ɗamarar tana cikin haɗari. Itatuwan sun tsufa, kuma da wuya su sake tsirowa da kansu sai an dasa. A gefen Dakar, wajen Guédiawaye, gine-gine suna cin ta, masu ɗibar yashin gini suna ƙwaƙule tuddan. Ƙofa ɗaya ta ishi iska: inda aka tumɓuke ciyawa, nan take fara rarake tudun. Don haka in ka je da iyali, ku bi sawun da mutane suka riga suka yi, kada yara su tsige yaɗon, kada direba ya hau kansa da mota.

Wanda ya san Yusufari a Jihar Yobe, ko Gudumariya da Maine-Sorowa a Nijar, ba zai ji baƙunta ba. Can ma yashi yana barazana ga kwarin dabino da goriba, ana kuma tare shi da shingen kaba kafin a yi dashe. A garinku, wane tsiro ne dattawa suka sani yana riƙe yashi, kuma yana nan har yanzu?