Daga Duwatsun Jos Zuwa Tsibiran Yawuri

Magidancin da ke zaune a Tina Junction cikin garin Jos, wanda idonsa ya saba da duwatsu da kududdufan haƙar kuza, in ya kwashi iyalinsa suka tafi hutu Yawuri, faɗin ruwa ne zai fara ba shi mamaki. Nan Kogin Kwara ya baje, ga tsibirai birjik waɗanda ake kira gungu, mazaunansu kuwa Gungawa.

Baƙo ba ya shiga wannan ruwa sai da ɗan gari. Akan yi jinga da matuƙin jirgi a bakin kwata, ya zaga da iyali gungu-gungu, su ga masunta da gonakin albasa.

To, amma ba kowane matuƙi ake danƙa wa amanar 'ya'ya ba. Da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, ruwa ya haɗiye ƙauyuka da dazuzzuka, har da tsohon garin Busa inda Bature Mungo Park ya halaka cikin 1806. Kututturan itatuwa na nan ƙarƙashin ruwa, tsohon matuƙi ne kaɗai ya san makwancinsu. Cikin watan Mayu na 2021 kuwa wani jirgi da aka yi wa mugun lodi ya nitse kusa da Wara, mutane masu yawa suka riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka mai hankali yakan nema wa kowane yaro rigar hana nitsewa, ya guji tafiyar dare, ya biya gwani haƙƙinsa. Araha dai ba ta ado.