Ina Ƙarfin Manya Yake Tafiya? Abin da Na Gano a Arewacin Zamfara

Layin dogon da ya tashi daga garinmu Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, a Ƙauran Namoda ya tuƙe tun shekarar 1929. Gyaɗa da audugar da suka riƙa cika taragai daga wannan yanki, wuyan mutane da gadon bayansu ne suka loda su. Garin kansa sunan jarumi ya ci, Muhammadu Namoda, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin da suka ci Alƙalawa a 1808. Ƙasa ce ta 'yan kokawa, da 'yan damben da ke ɗaura hannu bayan kaka, da manoman da ganga ke zugawa a gayya. Shi ya sa da tafiya ta kai ni can, idona ya fi sauka a kan jikin mutane: daga ina wannan ƙarfi yake fitowa, me kuma ke cinye shi a yau?

Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci. Na tsaya kusa da wata babbar mota ana lodin hatsi. Wani ɗan dako siriri ya yi gammo da tsohon buhu, ya ɗan rusuna, abokansa biyu suka aza masa buhun dawa. Ko nishi bai yi ba. Ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya haye katakon da aka jingina da motar da 'yar sassarfa, ya kaɗa kafaɗa buhun ya faɗa mazauninsa. Wani matashi da ya fi shi cika ido ya biyo baya, tun bai kai rabin katakon ba gwiwoyinsa suka kama rawa.

Na ce, "Sannu da aiki, Malam. Ina kake ɓoye wannan ƙarfi haka?"

Ya share gumi ya ce, "Baƙo, wanga aiki sabo na. In ka bar shi, shi ma sai shi bar ka."

Masana jikin ɗan Adam ba su saɓa masa ba. Kaurin damtse daban, ingancinsa daban. Tsoka ba ta motsawa sai da umarnin ƙwaƙwalwa, kuma jijiyoyi ne ke kai saƙon. Wanda ya saba da ɗaukar kaya, jijiyoyinsa sun koyi tayar da zaruruwan tsoka masu yawa a lokaci guda, su kuma haɗa kan ƙugu da cinya da baya. Zaruruwan nan kashi biyu ne: masu juriya, waɗanda ke riƙe manomi a kunya daga hantsi zuwa azahar, su riƙe mace a bakin turmi, da masu fizga, waɗanda ke fitar da naushin ɗan dambe. Kitse kuwa idan ya kutsa cikin tsoka, kamar yadda yake faruwa ga mai yawan zama ko mai ciwon suga, sai ta cika ido amma ta kasa aiki.

Aiki shi kaɗai ba ya gina jiki. Da Bahaushe ya ce ƙarfin tuwo, ya san abin da yake faɗa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, baligi mai nauyin kilo 60 yana bukatar kusan giram 50 na furotin a kullum. Dattijo kuma yakan fi haka bukata domin jikinsa ba ya cin moriyar abinci kamar na saurayi. Cimar wannan yanki ta asali ta san hanyar cike wannan gurbi: fura da nono, hoce da ƙuli-ƙuli, tuwo da miyar da ta ji daddawa, wake a gefe. Abin da gero da dawa suka rasa, wake da gyaɗa da nono ke kawowa. Amma satar shanu ta rage nono, gonakin nesa da gari sun zama sai an sayar da rai. A bakin tashar Ƙaura na ga masu aikin ƙarfi suna karya kumallo da koko tsura. Tsoka kuwa rumbu ce: in yunwa ko cuta ta matsa, daga nan jiki ke ɗiba. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro da ke shanye jini, alhali jini ne ke kai wa tsoka iskar da take aiki da ita.

A Zurmi ne abin ya fi taɓa ni. A ƙofar wani gida na zauna da wani dattijo da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu. Tafin hannunsa har yanzu da kantar fartanya, amma fatar damtsensa ta saki. Da aka kira la'asar sai da ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa bango, sannan ya miƙe.

Na ce, "Sannu, Baba. Jikin ne?"

Ya ce, "Ɗana, zama ya hi noma cin jiki."

Tun daga shekara 30 tsokar mutum ke raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, ta ƙara sauri bayan 60, kuma zaruruwa masu fizga ne ke fara tafiya. Zama yana ninka wannan. Wani bincike a Amurka a 2007 ya kwantar da dattawa masu lafiya a gado kwana goma, suka yi asarar kusan kilo guda na tsokar ƙafa. Sai a haɗa da rashin barci da zaman ɗar-ɗar, waɗanda ke sa jiki sakin sinadarin kotisol mai narkar da tsoka. Wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, jikinsa bai samun sukunin gyara abin da ya lalace da rana.

A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Daidai ne hankali ya koma kansu. Sai dai uwar da ta goyo yaron zuwa asibiti, da kakan da ke zaune a zaure, daga tukunya ɗaya suke ci. Raunin babba ba ƙaramin abu ba ne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2015, a kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya nuna duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu tana tafe da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne tsoka ba ta ƙin amsa kira. A 1990, a Boston, an sa tsofaffi masu shekara kusan 90 ɗaga nauyi na mako takwas, ƙarfin ƙafarsu ya ninka har ya wuce. Don haka duk mai raba tallafin hatsi ya haɗa da wake da gyaɗa. Ma'aikacin lafiyar da ya auna hannun yaro ya dubi na uwarsa. 'Ya'ya su daina hana iyayensu ɗan motsi da sunan tausayi. A bar su su taka zuwa masallaci, su yi kaftu a bayan gida. Babban magani kuwa yana hannun hukuma: tsaron da zai mayar da manomi gonarsa, domin a can abincinsa da aikinsa da barcinsa suke.