Rabon gadon da ya hana ni gudu daga ajin lissafi



A unguwar Albarika ta Parakou na tashi, a gidan liman. Da asuba allo, da hantsi lekol, da dare karatun littafi a zaure. Da na ci jarrabawar BEPC sai aka tura ni sashen C, wato na lissafi mai zurfi da kimiyyar fizik, wanda ake shekara uku a cikinsa kafin BAC. Baffana na Djougou bai ji daɗin labarin ba. Ya aiko wa mahaifina cewa ɗan liman ba shi da abin nema a wannan fage, a mayar da ni ga Larabci tun da sauran lokaci. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Shekarar farko ta wuce lami lafiya. A ta biyu ne ƙasa ta tsage mini. Jarrabawar farko na samu 6 bisa 20, ni da ban taɓa saukowa ƙasa da 14 ba. Dalili kuwa, a ƙananan azuzuwa ana ba ka ƙa'ida ka yi aiki da ita, a nan kuwa cewa ake ka kawo hujjar ƙa'idar. Na ɓoye takardar cikin Risala, na ƙudura a raina zan nemi a sauya mini sashe.

Ana cikin haka wasu baƙi suka zo daga Djougou da matsalar gado. Wata baiwar Allah ce ta rasu, ba ɗa, ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi, abin da ya rage sefa 700.000. Baba ya dube ni ya ce, "Kai mai lissafin boko, raba musu. Miji rabi, 'yan'uwa biyu bisa uku."

Na lissafa sau biyu, zufa ta keto mini. Na ce, "Baba, ba za ta rabu ba. Rabi da biyu bisa uku sun zama bakwai bisa shida, sun fi dukiyar yawa."

Ya yi murmushi ya shafe ƙasa da tafin hannunsa, ya zana. Ya ce asalin mas'alar shida ne, miji uku, 'yan'uwa huɗu, sai a ɗaga asalin ya koma bakwai. Wannan shi ne aulu, wanda aka fara hukunci da shi zamanin Sayyidina Umar. Miji ya tashi da 300.000, kowace 'yar'uwa 200.000. Sannan ya tambaye ni, "Don me aka yi haka?" Na yi shiru, can na gane: kason kowa an rage shi da gwargwado ɗaya, shida bisa bakwai, don kada ragin ya faɗa kan mutum guda. Wato shi ma a zaurensa hujja ake nema, kamar yadda malamin lekol yake nema.

Da baƙi suka tafi na ɗauko takardar nan na nuna masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Yaushe ka taɓa wanke allo ba ka riƙe abin da ke kansa ba? Wanda ya tsallake babi, babin zai jira shi a gaba." Daga ranar ya ɗauke mini biya wa ƙananan almajirai karatun dare, ya ba ni fitilarsa, ya sa kafinta ya yi mana allon katako aka shafa masa baƙin fenti. Mu huɗu muke haɗuwa bayan lisha. Ƙa'idarmu ɗaya ce: ba a duba amsa sai an kwana da tambaya.

A ajin ƙarshe muka haɗu da lambar da in an ninka ta da kanta take ba da −1, da hanyar auna faɗin fili mai lanƙwasasshiyar iyaka, da hujjar da ake kafawa a kan lamba ta farko, a nuna kowace lamba tana miƙa ta ga ta gabanta. Ba wanda ya zo mini da sauƙi, amma na daina tsoro.

Daga baya na san cewa wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidanmu. Kalmar aljabra daga sunan littafin Alkhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban kashi na littafin a kan wasiyya da gado yake. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Bakatsine ya wallafa littafi kan jadawalin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. A ƙasarmu Benin akwai cibiyar lissafi da fizik ta IMSP da aka kafa a 1988, tana Dangbo, ga kuma Jami'ar Parakou da aka buɗe a 2001.

Na ci BAC, amma rashin lafiyar Baba ya hana ni wucewa jami'a, na kama kasuwa. Ban yi nadama ba. Yau in an kawo gado mai sarƙaƙiya, ni nake zama gefen malamai da alƙalami, har baffan nan nawa ya taɓa aiko mini da tasa mas'alar daga Djougou.

A ajinmu mu goma sha ɗaya ne, mace ɗaya tak. Da yawa sun gudu ne saboda takarda guda irin tawa. Don haka ina roƙon iyaye, in yaro ko yarinya ya kawo maki mara kyau a wannan sashe, kada a yi gaggawar cire shi. A rage masa aike da talla, a ba shi fitila da wurin zama, a tambaye shi babin da ya tsallake. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya buɗa wa 'ya'yanmu basira, amin.