Dare Ɗaya a Birnin Tsaba

A watan Fabrairu na 2024 muka tashi daga Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, muka nufi Birnin Tsaba a ƙasar Zurmi. Direba ya ƙi yin dare a hanya saboda 'yan bindiga.

Daren 11 ga wata muka kewaye rediyo a wurin mai shayi, yara da manya. Nijeriya da Kwaddibuwa ne a wasan ƙarshe na Kofin Afirka. Da Troost-Ekong ya ci, aka yi ta ihu, amma aka tashi biyu da ɗaya, mun sha kashi.

Sai gardama ta koma kan Osimhen. Wani saurayi ya rantse Chelsea ta gama sayensa. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, wa ya gani?" Ashe Galatasaray ta Turkiyya zai tafi a watan Satumba.

Iyaye, mu koya wa 'ya'yanmu tambayar nan. Jita-jitar ƙwallo dariya ce kawai, amma a ƙasar da ake kwana da tsoro, jita-jita ɗaya tana iya watse ƙauye cikin dare. Gani ya kori ji.