Ranar da motar ƙungiya ta mutu a bakin masallaci



Waɗanda suka halarci jana'izar dattijonmu a Agege makonni uku da suka wuce sun ga abin da ya faru. An yi sallah, an sa makara a motar ƙungiya, direba ya tayar da ita lafiya lau. Yana sa giya sai ta yi girgiza ta mutu. Ya sake tayarwa, ta sake mutuwa, har sau huɗu. Daga ƙarshe danfo muka tare ta kai mamaci maƙabarta. Motar da muka yi shekaru muna karo-karo domin irin wannan rana, ita ce ta ba mu kunya a gaban iyalan mamaci.

Washegari bakaniken farko da muka kira ko buɗe bonet bai yi ba, ya ce giyabos ne ya tafi, mu shirya zuwa kasuwar Ladipo neman tokumbo. Kuɗin da ya faɗa zai cinye fiye da rabin asusunmu. Saura kaɗan mu amince, sai wani tsohon direban tirela a cikinmu ya ce: "Alhaji Sakatare, kada ku fitar da ko kwabo sai an duba silo."

Ga abin da ya fahimtar da mu. Mota tana tsaye, injinta yana juyi a hankali, galibi tsakanin 600 zuwa 1,000 a minti ɗaya. Da an sa giya nauyi ya hau kansa, dole ya sami ƙarin iska da mai nan take. Idan bai samu ba, sai ya mutu. Abubuwan da suka fi hana shi su ne datti a maƙogwaron totur da bawul ɗin da ke daidaita silo, ko tiyon iska da ya tsage, ko famfon mai da ya yi rauni, ko fulogi da suka gaji. Sai an wanke waɗannan daga zargi a koma kan giya. A mota mai atomatik irin tamu, a duba man giya, yawansa da launinsa da ƙaurinsa. Akwai kuma kwanbata, wadda idan ta maƙale ba ta saki ba, takan kashe inji da zarar an sa giya. Mai kuloci kuwa, idan kulocin ba ya rabuwa sosai, ko mansa yana yoyo, haka za ta riƙa yi.

Bakanike na biyu ya kwance maƙogwaron totur, muka ga baƙin datti ya daskare a ciki, ga tiyo guda ya tsage ta ƙasa. Aka wanke, aka canja tiyo. Kafin la'asar mota ta shiga giya sumul.

Amma laifin namu ne, mu shugabanni. Direba ya fi wata biyu yana gaya mana motar tana rawa a cunkoso, tana neman mutuwa idan ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. Kullum amsarmu ita ce a bari sai taro na gaba.

Don haka kwamiti ya yanke cewa duk ƙorafin da direba ya kawo za a rubuta shi, a duba cikin mako guda. Duk gyara mai tsada kuma sai bakanike biyu sun gani kafin ma'aji ya fitar da kuɗi. 'Yan uwanmu masu haya da mota, ku ma idan aka ce muku giyabos ne, ku sa a fara duba silo.

Muna neman afuwar iyalan mamaci. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu ƙarshen.

Sakatare